Ciyawar Gefen Gona: Daga Dangin Alkama Zuwa Iburun Filato



Wanda duk ya bi hanyar Bukuru zuwa Riyom a 'yan makonnin nan ya ga yadda gonakin acca suka nuna, suka kwanta luf a tsakanin duwatsu, maza da mata sun duƙa da lauje tun kafin raɓa ta ɗauke. Sharhinmu na yau a kan ciyawa ne, irin wadda muke takawa a gefen waɗannan gonaki ba tare da ko waiwaye ba. Amma ku yi mini haƙuri, daga teburin mai shayi zan faro.

Burodin da aka yanka maka da safen nan a Terminus ko a Farin Gada, da gurasar da ake yi wa barbaɗen ƙuli, da alkaki da fankasau na gidan biki, da taliyar da iyayenmu ke murzawa, duk 'ya'yan alkama ne. Ita kuwa alkamar burodi, masana sun bi salsalarta sun tarar iyaye uku gare ta, kuma dukansu ciyayin daji ne. Biyu daga cikinsu sun haɗu tun kafin ɗan Adam ya san noma, suka haifar da wata alkamar daji da mutanen Gabas ta Tsakiya suka ɗauko suka fara shukawa. Can daga baya, tsakanin shekaru 8,000 zuwa 10,000 da suka wuce, noman ya kai yankin kudancin Tekun Kasfiya, wajejen Iran ta yau, sai wannan alkama ta yi barbara da wata ciyawa da ke tsiro a gefen gona. Masana na kiranta Aegilops tauschii, Turawa kuma na yi wa danginta laƙabi da ciyawar awaki. Ba ta da kyan gani, zangarniyarta siririya ce, ƙwayarta a ƙulle cikin ɓawo mai tauri. Manomin wancan zamani da ya ga dama da ya tumɓuke ta ya yar. To daga wannan ciyawa alkama ta gaji kaso ɗaya cikin uku na ƙwayoyin halittarta, daga ciki har da wani babban rabo na danƙon nan da ke sa kwaɓin fulawa ya kumbura, da juriyar sanyin da ta ba ta damar yaɗuwa har ƙasashen ƙanƙara.

Ciyawar awaki dangi ce babba, nau'inta ya haura 20. Akwai wata a cikinsu da ta fi jan hankalina, sunanta Aegilops sharonensis. Duk faɗin duniyar nan ba ta da gida sai wani ɗan siririn zirin ƙasa mai yashi a gaɓar Bahar Rum, daga kudancin Lebanon ya gangara gaɓar Isra'ila da Falasɗinu. Wurin kuma shi ne inda kowa ke son gina gida, da otal, da titi. Kullum gini na ci, filinta na tsukewa.

Ga abin da ya sa aka damu da ita. A 1998 aka ga wani sabon nau'in cutar tsatsar kara a gonakin alkama na ƙasar Uganda, aka raɗa masa suna Ug99. Tsatsa ce mai bin iska, tana kama kara ta tsotse shi har zangarniya ta kasa cika, gona ta zube ƙasa. Ta karya garkuwar da akasarin irin alkamar duniya ya daɗe yana dogaro da ita, ta ratsa Kenya da Habasha, ta tsallaka zuwa Yaman, ta kai Iran. Da masana suka bazama neman magani, ɗaya daga cikin wuraren da suka same shi shi ne jikin wannan ciyawa ta bakin teku. A 2022 suka ba da sanarwar sun ware ƙwayar halittar da ke ba ta kariya, suka kira ta Sr62. Ciyawar da babu mai ba ta taki, babu mai yi mata feshi, dubban shekaru tana fama da cuta ita kaɗai, dole ta koyi kare kanta. Abin da ta koya shi ake aro a zuba wa alkamar gona.

Saboda haka ne ake tara irin waɗannan ciyayi a rumbunan ajiya masu sanyi. Ɗaya daga cikin mafi daraja a da yana kusa da birnin Halab na Siriya, a hannun cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa da ake kira ICARDA. Da yaƙi ya ci ƙasar, ma'aikatan suka bar wurin. Allah ya taimaka sun riga sun aika da kwafin mafi yawan irin zuwa rumbun Svalbard, wanda aka haƙa cikin dutsen ƙanƙara a arewacin Norway aka buɗe a 2008. A 2015 suka koma suka karɓo ajiyarsu, su ne na farko da suka taɓa cire iri daga wannan rumbu, suka sake shuka shi a Lebanon da Maroko.

Wani zai ce, to mu a Jos ina ruwanmu? Ruwanmu biyu ne.

Na farko a bayyane yake. Kusan duk alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake sayo ta da dala. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka ƙarfafa noman rani a Kadawa da sauran wuraren ban ruwa, amma zuwa 1992 dole aka janye haramcin. Alkama 'yar sanyi ce, shi ya sa a Kano da Jigawa da Borno sai da hunturu ake nomanta. Mu kuwa a nan, tudun da muke zaune a kai ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, sanyinmu ba ya jiran hunturu. Wannan ya sa a watan Nuwamban 2021 Babban Bankin Najeriya ya zo Kwall, a ƙaramar hukumar Bassa, ya ƙaddamar da shirin noman alkamar damina. Sai dai damina na zuwa da laima, laima kuwa ita ce shimfiɗar tsatsa da sauran cututtukan funfuna. Duk irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri, mai alhakin alkama a ƙasar nan, za ta kawo wa manomin Bassa ko na Bokkos, ingancinsa na rataye ne da garkuwar da ke jikinsa, kuma da yawa daga garkuwar da alkamar zamani ke ɗauke da ita an samo ta ne daga dangin daji. Ciyawar bakin tekun Lebanon tana da hannu a farashin burodin Dilimi.

Ruwanmu na biyu shi ne ya fi damuna, kuma shi ne ainihin dalilin wannan sharhi.

Alkama ba ta da dangin daji a Filato, can Gabas ta Tsakiya danginta suke. Mu namu hatsin daban ne, kuma shi ma yana da nasa dangin a daji, a nan ƙarƙashin ƙafarmu. Acca, wadda masana ke kira Digitaria exilis, tana cikin tsofaffin hatsin Afirka ta Yamma. Ibn Battuta, da ya ziyarci daular Mali a 1352, ya ambace ta cikin abincin mutanen ƙasar. A yau Gini ce kan gaba wajen nomanta, Najeriya na cikin na sahun farko bayanta, kuma a Najeriya idan aka ce acca, Filato ake fara tunawa, sannan Bauchi da kudancin Kaduna. Hatsi ne da ba ya raina ƙasa. Tsakuwa ce, jan gargari ne, gefen tudun ƙasar da masu haƙar kuza suka bari ne, watsa shi za ka yi ya fito. Wani nau'insa na nuna cikin mako shida zuwa takwas, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, dawa da gero ba su kai ba. Turawan mulki da suka ga ƙanƙantar ƙwayarta, wadda kusan 2,000 ke cika giram ɗaya, suka yi mata suna wai shinkafar mayunwata. Wanda ya taɓa zama gaban kwanon gwaten acca mai zafi, da yakuwa da gauta da ɗan ƙashi a ciki, ya san wannan suna bai yi mata adalci ba.

Acca tana da ƙanwa da matasan yanzu da yawa ba su taɓa gani ba: iburu, wasu su ce aburu. Ta fi acca tsawo, ɓawonta baƙi-baƙi ne ko ja mai duhu, amma idan aka surfe ta cikinta fari ne. A 1915 wani masanin tsirrai na lambun Kew da ke Landan, Otto Stapf, ya rubuta bayaninta a ilmance, ya ɗauki sunan da Bahaushe ke kiranta da shi ya mayar da shi sunan kimiyya, Digitaria iburua. Har gobe duk masanin da zai ambace ta, ko a Jamus yake ko a Japan, kalmar Hausa yake furtawa. Wuraren da aka san ta da su a duniya kaɗan ne: tudun Jos da Bauchi da kewayensu, wajejen Zariya, yankin Damagaram a Nijar, sai duwatsun Atakora na Benin da Togo. Ke nan idan ana lissafin tsirran da gidansu ya tsuke, iburu na cikin jerin, kuma rabo mai yawa na amanarta a hannunmu yake.

Bara war haka na je wani ƙauye a bayan Riyom, irin waɗanda shingen kyarana ya kewaye. Na tarar da wata dattijuwa 'yar Birom a tsakar gida, ta shimfiɗa buhu, tana sheƙar acca. Iska na ɗaukar ƙaiƙayi, ƙwayar na zuba shuu kamar yashi. A gefenta turmi ne, da ƙwarya uku jere da ruwa a ciki, domin bayan surfe sai an yi ta rege, daga wannan ƙwarya zuwa waccan, har tsakuwar ƙarshe ta zauna a gindi. Na gaishe ta, na ce, "Ngo, sannu da aiki. Har yanzu kina shuka iburu?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ɗana, wa ya gaya maka sunanta? Kai na birni ne."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar tukunya da aka toshe bakinta da tsumma da toka. Ta zuba mini kaɗan a tafin hannu, ƙwayoyi masu duhu da sheƙi. Ta ce tun zuwanta gidan miji uwar mijinta ta ba ta irin, kowace shekara takan ware ɗan fili ta watsa don kada ya mutu a hannunta. 'Ya'yanta sun koma dankalin Turawa da masara da kabeji, ba ta kuma ga laifinsu ba, can kuɗi yake. Surfen iburu ya fi na acca wuya, matan yanzu ba sa son ta. Sannan ta ja ni bakin gona, ta sunkuya ta tsinko ciyawa biyu, ta ɗora su a tafin hannuna kusa da zangarniyar acca. Wallahi da ba ta nuna mini ba, ba zan bambance su ba. Duka yatsu-yatsu ne sirara. Ta murza ɗaya, 'ya'yan suka watse nan take. Ta ce, "Wannan ta daji ce, ba ta jiran mai lauje."

Abin da wannan dattijuwa ta nuna mini da yatsa biyu, shi ne masana suka tabbatar da na'ura. Bahaushe na tattara da yawa daga ciyayin nan a ƙarƙashin suna ɗaya, harkiya, kuma duk gida ɗaya suke da acca. A 2020 wata tawagar masana, ƙarƙashin jagorancin jami'ar KAUST ta Saudiyya tare da abokan aikinsu na Faransa da Afirka ta Yamma, ta wallafa taswirar ƙwayoyin halittar acca, aka kwatanta ta da ciyawar daji mai suna Digitaria longiflora, wadda ake ɗauka ita ce uwarta. Suka tarar acca ba ta yi nisa da halin daji ba, shi ya sa ƙwayarta ta tsaya ƙarama, shi ya sa kuma idan aka makara yanka sai ta zube. Ita kuwa iburu, masana da dama na danganta ta da wata ciyawar, Digitaria ternata. Haka ma tamba da ake nomawa a tudun nan, 'yar'uwarta ce tuji, wadda ke tsiro a bakin hanya har jaki ya gaji da ja.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce harkiya na shirin ƙarewa a duniya ba, tana nan birjik a ƙasashe da dama, manomi kuma yana da gaskiya idan ya cire ta daga tsakiyar gonarsa, domin tana shaƙe acca tana kuma gurɓata iri. Abin da nake tsoron rasawa shi ne tamu ta nan, wadda ta shekara aru-aru a kan wannan tudu, ta saba da sanyinmu, da ƙanƙarar da ke faɗowa a farkon damina, da ƙasarmu mai tsami, da cututtukan da ke yawo a iskarmu. Harkiyar wani wuri ba ta san waɗannan ba. Ranar da wata cuta za ta faɗa wa acca kamar yadda Ug99 ta faɗa wa alkama, ko damina ta canza hali har irin da muka saba ya gaza, masu bincike gefen gona za su fara dubawa, da tsagin duwatsu, da 'yan tukwanen tsofaffi.

Gefen gonar kuwa na ɓacewa. Shekarun baya hauya ce ke noma, takan bar ciyawa a kan iyaka da gindin dutse. Yanzu jarka ce a baya, a bi gona da iyakarta da bakin hanya a feshe, bayan kwana uku ko'ina ya yi ƙurmus. Ban raina wahalar noma ba, na san kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfin talaka, maganin feshi ya sauƙaƙa wa mutane. Amma me zai ragu ga mai gona idan ya ɗaga hannu taku biyu kafin iyaka? Ga gine-gine na cin filaye daga Rayfield har Kuru, ga masu fasa dutse, ga ramukan ma'adinai da aka sake buɗewa a kan waɗanda kamfanonin kuza suka bar mana tun farkon ƙarni na 20.

Sai kuma abin da ya fi kowanne ciwo, wanda ba na son faɗa amma dole. Rikice-rikicen da suka addabi Riyom da Barikin Ladi da Bassa, da na Mangu da Bokkos a 2023, sun ci rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya ba iyalansu haƙuri. Idan ana ƙirga asara, akan ƙirga mutane da gidaje da dabbobi, haka kuma ya kamata. Amma duk rumbun da ya ƙone, akwai irin da ya ƙone a ciki, wani ma babu shi ko'ina sai a wannan ƙauye. Wanda ya dawo daga gudun hijira, irin da aka raba masa zai shuka, masara ce ko wake, na kakanni ya tafi ke nan. Mutanen Halab sun sami inda za su je su karɓo ajiyarsu. Dattijuwar nan ta bayan Riyom, idan tukunyarta ta fashe, ina za ta nufa? Makiyayi ma abin ya shafe shi, domin harkiya abincin shanunsa ce, kuma kaɗan ne suka kai Bafulatani sanin ciyawa ɗaya bayan ɗaya, da inda take fitowa, da watan da take nuna. Aikin tattara irin nan aiki ne da manomi da makiyayi za su iya yi kafaɗa da kafaɗa, kowa da abin da ya sani.

Ba daga sifili za mu fara ba. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja tana da alhakin acca, tana kuma da reshe a nan Riyom. A Ibadan akwai cibiyar adana irin tsirrai ta ƙasa, NACGRAB, tun 1987. Ga Jami'ar Jos, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a cikin gari, duk da ɗaliban da kowace shekara ke neman abin da za su yi bincike a kai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, acca na ciki, kuma yanzu a manyan kantunan Turai da Amurka ana sayar da ita a ƙunshe cikin leda mai ado saboda ba ta da danƙon alkama da ke damun wasu. Wannan kasuwa alheri ce, sai dai tana da nata haɗarin. Mai saye da yawa iri ɗaya yake so, fari tas, mai sauƙin surfe a inji. Idan kowa ya koma wa wannan ɗaya, jar acca da mai saurin nuna da mai jure fari da iburu duk za su koma labari, a kuma daidai lokacin da ake murnar acca ta samu daraja.

Roƙona ga hukumomin nan shi ne a fita yanzu da kaka, lokacin da ciyawa ke ɗauke da 'ya'ya, a bi ƙauyukan Birom da Irigwe da Afizere da Anaguta da Ron da Mwaghavul da Ngas, a karɓi iri da yardar masu shi, a rubuta sunan kowane nau'i da harshen mutanen wurin, a tsinko ciyayin gefen gonar su ma. A ajiye kashi ɗaya a Riyom, kashi ɗaya a Ibadan, kada a zuba duka a wuri guda. A kuma yi alkawarin duk ƙauyen da ya rasa nasa zai iya zuwa ya karɓa kyauta. Injin surfe mai araha da zai iya da ɓawon iburu zai yi wa wannan hatsi abin da jawabi ɗari ba zai yi ba, domin matan da ke daka ne suka yanke mata hukunci, kuma da hujjarsu. Ku kuma masu zuwa kasuwar Katako ko ta Bukuru sayen acca, ku riƙa tambayar iburu da sunanta. 'Yan kasuwa na da kunne. Idan mutum goma suka tambaya a mako, saƙon zai kai ƙauye kafin shuka ta gaba.

Ranar da zan baro gidan dattijuwar nan, ta ƙulle mini iburu cikin ƙyallen atamfa, bai kai cikin gwangwanin madara ba. Na ce nawa zan bayar, ta ce ba a sayar da iri ga baƙo, sai dai in ya yi in dawo mata da ninki biyu. Na watsa shi a bayan gidana da ruwan watan Yuni, a wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Yanzu ya kai mini ƙugu, kawunan sun yi duhu, yarana na gadin tsuntsaye da gwangwani da tsakuwa idan sun taso daga makaranta. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yanka, kuma mudun farko na Ngo ne.